Aikin Kula da Sabar Zai Iya Gina Mini Gida a Birnin Kebbi?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni matashi ne ɗan shekara 28, ina zaune a gidanmu a Badariya, Birnin Kebbi. Na yi HND a fannin kwamfuta, yau shekara uku ina aiki a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta mai zaman kanta. Ni ke kula da sabar (babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci suka dogara da ita) da netwok da duk abin da ya lalace. Albashina naira 120,000 a wata. An sa ranar aurena bayan babbar Sallah, gidan da na samu a Gesse, ciki da falo da kicin, an ce naira 450,000 a shekara ban da la'ada. Ga shi kuma wani kamfani a Abuja ya ce zai ɗauke ni a kan 280,000, amma abokina da ke Kubwa ya ce ɗaki ɗaya mai banɗaki a wajensu ya kai miliyan ɗaya. Don Allah wannan aikin namu yana da gaba kuwa? Mutum zai iya mallakar gida da shi, ko in nemi wata sana'a tun da sauran ƙarfina?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sanya alheri a auren, ya kai mu lokacin lafiya. Tambayarka ɗaya ce a baki, amma abu uku ka haɗa a cikinta: ko sana'ar za ta ci gaba da biya, ko Abuja ta fi maka Birnin Kebbi, da kuma yadda mai albashi irin naka zai kai ga gidan kansa. Ni ma da ɗaure kan wayar netwok na fara, a wani shagon intanet, kafin in riƙe sabar a asibiti, daga baya kuma a wata ƙungiyar agaji, don haka irin wannan lissafin na yi shi a kaina ba sau ɗaya ba. Amsata a dunƙule ita ce kada ka bar sana'ar, amma ka bar matakin da kake tsaye a kai. Gyaran duk abin da ya lalace zai ciyar da kai, ba zai gina maka gida ba.

Me ya sa albashin ya tsaya inda ya tsaya

Ka tuna safiyar jarrabawa. Ƙarfe shida da rabi kana cikin ɗakin, ɗalibai 250 suna layi a waje, iyayensu na bakin ƙofa, janareto na ruri. Ka bi layi-layi kana taɓa kowace na'ura, ka gano suwic ɗaya, wato akwatin da ke haɗa kwamfutocin da juna, ya mutu cikin dare, ka canza shi kafin mai sa ido ya iso. An yi jarrabawa lafiya, kowa ya watse. Wa ya san abin da ka yi? Babu. Mai cibiyar abin da ya gani shi ne komai ya tafi daidai, kuma a wajensa dama haka ya kamata. Wannan ita ce matsalar farko ta aikinmu: ƙwarewarmu ba ta fitowa fili sai ranar da aka rasa ta. Shi ya sa a wurare da yawa a nan, mai kula da sabar da mai sa wa firinta tawada sunansu ɗaya, "yaron kwamfuta", kuma albashinsu ba ya da nisa da juna.

Matsala ta biyu ita ce masu ɗaukar aikin ba su da yawa. Ka ƙirga su da kanka: Jami'ar Tarayya da ke Kalgo, jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, Kwalejin Waziri Umaru, manyan asibitoci, ma'aikatun jiha, rassan bankuna, kamfanonin sarrafa shinkafa irin Labana a nan Birnin Kebbi da WACOT a Argungu, sai ƙungiyoyin agaji da cibiyoyin jarrabawa irin taku. A ɓangaren gwamnati, matakin albashi ne ke magana. Mai digiri yakan shiga a mataki na 08, kuma ko ka iya Linux, manhajar da ke tafiyar da yawancin sabobi, kamar ruwa, abin da za a ba ka shi ne abin da aka ba wanda kuka shiga tare da shi a sashen mulki. Jami'o'i na da tsarinsu na CONTISS, asibitoci na da CONHESS, amma duk ƙa'idar ɗaya ce: shekaru da ƙarin girma. Amfaninsa shi ne tabbas da fansho da sauƙin samun bashin ƙungiyar ma'aikata, wanda ba abin rainawa ba ne. Bankuna kuwa manyan na'urorinsu suna hedkwata, galibi a Legas. Reshen da ke nan mai zuwa ya duba netwok da injin cirar kuɗi kawai yake buƙata, shi ma sau da yawa ta hannun ɗan kwangila ake ɗaukarsa.

Ka auna 120,000 ɗinka da mafi ƙarancin albashi, wanda gwamnatin tarayya ta mayar 70,000 a 2024, ita kuma Jihar Kebbi ta sa nata 75,000. Ka ga bayan karatun HND da shekara uku na aiki, ko ninki biyu na mafi ƙarancin albashi ba ka kai ba. Tun cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 da sakin naira da ya biyo baya, duk kayan da muke aiki da su, daga batir zuwa rauta, sun bi dala sun tashi, albashin ma'aikacin da ke kula da su kuma yana tafiyar hawainiya. Ba laifinka ba ne, kuma ba alamar cewa sana'ar ta mutu ba ce.

Inda aikin ya koma

A da kowace ma'aikata sai ta sayi sabar ta kulle a ɗaki mai sanyi. Yanzu wasiƙun ofis suna kan Microsoft 365 ko Google Workspace, manhajoji kuma ana hayar musu wuri ta intanet a sabobin Amazon (AWS) ko na Microsoft (Azure). Wasu abokan aikinmu suna ganin wannan shi ya kashe kasuwa. Gaskiya ya rage masu ɗaukar na'ura a kafaɗa. Amma sabar da ke Ireland ko Afirka ta Kudu ita ma sai an kula da ita, kuma mai kula da ita ba dole ya zauna kusa da ita ba. A nan ne ɗan Kebbi ya samu ƙofar da a zamaninmu ba mu samu ba. Tun da Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan adam, ta fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, ga kuma sola da inbata sun shiga gidaje, mutum na iya zama a Gwadangwaji yana riƙe da na'urorin kamfanin da ke Legas. Kuɗin shiga na Legas, kuɗin haya na Kebbi. A iya abin da na gani, wannan ce hanya mafi kusa da ɗan sana'armu yake bi ya kai ga gida ba tare da ya jira tsufa ba.

Kada in ruɗe ka, hanyar ba ta da sauƙi kuma ba kowa ke dacewa ba. Kamfani ba ya miƙa makullin na'urorinsa ga wanda bai taɓa gani ba sai ya ga shaida. Abin da zan ce ka sa a gaba shi ne Linux, ka iya shi har ya zama baƙin allon rubutun umarni ba ya ba ka tsoro. Daga nan ka koyi rubuta 'yan umarnin da ke yin aiki da kansu, da Bash ko Python ko PowerShell, domin bambancin mai albashi ƙarami da babba a wannan fanni sau da yawa shi ne ɗaya yana gyara na'ura ɗaya-ɗaya da hannu, ɗayan yana gyara ɗari da rubutu ɗaya. Sai ka zaɓi AWS ko Azure, guda ɗaya, ka nutse a ciki. Kada ka bi duka biyun a lokaci guda.

Batun satifiket kuwa, ka yi hattara da kuɗinka. Jarrabawar CCNA, ta ƙwarewa a netwok daga kamfanin Cisco, dala 300 ce, wato ta haura albashinka na wata uku. Ban ce kada ka yi ba, ita da RHCSA, jarrabawar Linux ta kamfanin Red Hat, suna da daraja, musamman ta biyun da yake a gaban na'ura ake yin ta, ba zaɓi-ka-cika ba. Amma kada ka biya sai ka riga ka iya abin. Ka samu tsohuwar kwamfuta ka mayar da ita ɗakin gwaji, ka girka sabobi uku a cikinta, ka lalata su da gangan, ka tayar da su daga kwafin ajiya. Ka rubuta abin da ka yi da Turanci mai sauƙi a GitHub, shafin da masu aikin kwamfuta ke baje ayyukansu. Na zauna a teburin tantance masu neman aiki, kuma tambayar da nake fara yi ita ce, "Yaushe rabonka da ka dawo da bayanai daga kwafin ajiya?" Da yawa masu takardu a nan suke tsayawa. Ni kaina na koyi wannan da zafi: wata shekara cikin hunturu ƙura ta toshe fankar wata sabar da nake riƙe da ita, faifan ya ƙone, muka buɗe kwafin da muke ɗauka kullum muka tarar wata biyu ke nan babu komai a ciki. Kwana uku muka yi muna sake shigar da bayanai daga takarda. Tun daga ranar, duk ranar Juma'a da safe sai na gwada kwafina.

Akwai kuma ilimin da kake da shi wanda ba ka ɗauke shi a bakin komai ba. Wanda ya riƙe ɗakin na'ura a Birnin Kebbi a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wuta tana zuwa tana ɗaukewa, batura suna kumbura, ya san lissafin lodin wuta da inbata fiye da wanda ya koya a littafi. Makarantu da asibitoci masu zaman kansu, otal-otal, gidajen mai da shagunan magani duk suna son kyamarar tsaro da netwok da sola, amma ba za su iya ɗaukar ma'aikaci na dindindin ba. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, ka samu wurare uku ko huɗu da za ka riƙa dubawa a kan kuɗin wata, da yarjejeniya a rubuce. Sharaɗi ɗaya: mai cibiyar da kake wa aiki yanzu ya sani, kuma kada ka yi aikin wani a lokacinsa ko da kayansa. Wannan sana'a kacokan amana ce. Kalmar sirrin kowa na hannunka, kuma tun da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta fito, sakaci da bayanan mutane ya zama abin da hukuma ke hukunci a kai. Garin nan ƙarami ne, suna ɗaya gare ka.

Abuja ko gida

Mu yi lissafi da alƙalumanka. A nan kana samun 1,440,000 a shekara. Cire haya 450,000 da la'adar dillali, mu ce kashi goma, 45,000. Saura 945,000, wato kusan 79,000 a wata. Hayar ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na samunka, wanda shi ne iyakar da masu lissafin gidaje suke cewa kada a wuce. Kana kan gaɓa, amma ba ka faɗa ba.

A Abuja 280,000 ta zama 3,360,000 a shekara. Cire miliyan ɗaya na ɗaki, ka ƙara, mu ce, 200,000 na dillali da lauya da kuɗin ajiya. Saura 2,160,000, wato 180,000 a wata. In motar zuwa aiki da dawowa daga Kubwa ta ci 3,000 a rana, kwana 22 ya zama 66,000, ka koma 114,000. Har yanzu Abuja ce a gaba, amma fa wannan lissafin gwauro ne a ɗaki ɗaya. Amarya ba za ka kai ta ɗaki ɗaya da kayan ɗakinta ba, kuma da zarar ka nemi ciki da falo ratar ta rufe. Ka ƙara da abin da ba ya shiga takarda: a nan buhun shinkafa ko gero yakan zo daga gona, mashin ɗinka na kai ka aiki da ɗan mai kaɗan, ranar da matarka ba ta da lafiya akwai Inna da 'yan'uwa a kusa. A can ko ruwan wanka saye ne a wasu unguwannin.

Saboda haka kuɗin kaɗai bai isa ya ɗaga ka ba. Abin da zai sa in ce ka tafi shi ne irin aikin. Idan kamfanin yana da sabobi na gaske, yana aiki da AWS ko Azure, akwai babban injiniya da za ka zauna a ƙarƙashinsa, to shekara biyu a can za ta ba ka abin da shekara goma a cibiyar jarrabawa ba za ta ba ka ba, kuma da wannan gogewar ce za ka dawo gida kana yi wa na nesa aiki. Idan kuwa sunan ne kawai babba, aikin shi ne haɗa majigi a ɗakin taro da sake wa ma'aikata kalmar sirri, ka yi zamanka. Gyaran firinta a Abuja da gyaran firinta a Badariya duk ɗaya ne, sai dai can haya ta fi tsada.

Maganar gida

Akwai asusun gidaje na ƙasa, NHF, wanda aka kafa a 1992, Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya ke riƙe da shi. Ana cire kashi 2.5 na albashi, a wajenka kamar 3,000 a wata in an lissafa da duka albashin, kuma ga ma'aikacin kamfani mai zaman kansa yanzu shiga ganin dama ne. Bashinsa kashi 6 ne a shekara, ana iya biya har shekara 30. In za ka iya ware 40,000 duk wata, a wannan tsarin abin da za ta ɗauko maka ya kai kimanin miliyan shida da rabi. Wannan 40,000 ɗin dai, a bankin kasuwanci da ruwan kashi 25 na shekara goma, ko miliyan biyu ba za ta ɗauko ba. Ka ga dalilin da ya sa ba na ba kowa shawarar bashin banki don gini. Shi ma na NHF ɗin yana son fili mai takardar mallaka ta gwamnati, ga jiran da ke cikinsa. Hukumar fansho kuma tun 2022 ta yarda mai asusun fansho ya yi amfani da kashi 25 na abin da ya tara a matsayin kason farko na sayen gida, in ya yi wata 60 ana zuba masa. Wannan ya sa ya kamata ka bincika ko ana zuba maka fansho ma tukuna: doka ta ce kashi 8 daga gare ka, kashi 10 daga wanda ya ɗauke ka aiki.

Na san abin da zai zo maka a rai, domin ni ma ya zo mini: kuɗin ruwa. Ni injiniya ne, fatawa ba tawa ba ce, ka kai wa malamin da ka amince da shi. Abin da zan iya gaya maka shi ne akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da TAJ, masu tsarin ijara da musharaka, sai dai su ma ribarsu tana bin yanayin kasuwa, kuma suna duba ƙarfin albashi kamar kowa.

Yawancin abokan aikina da suka mallaki gida a garin nan ba ta banki suka bi ba. Fili suka fara saye, suka yi ta gini a hankali, ni ma haka na yi. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 a bakin gari, wajen hanyar Kalgo ko ta Ambursa ko ta Jega, inda gari ke miƙewa. Kuɗin aikin gefe da na adashe su ne na fili da siminti, albashi kuma na cefane da haya. Da zarar ka haɗa su a aljihu ɗaya, cefane zai cinye duka.

Wajen sayen filin nan nake so ka buɗe ido sosai. Kada ka sayi fili da rani ba ka gan shi da damina ba. Garinmu yana bakin fadama, kuma wanda ya ga ambaliyar 2020 ya san ruwa ba ya manta hanyarsa. Na taɓa zuwa da kuɗi a aljihu zan biya wani fuloti da na gani a watan Maris, shimfiɗaɗɗe, farashi mai sauƙi. Wani dattijo da ke gyaran gonarsa a gefe ya kira ni, ya nuna mini gindin wata bishiya, ya ce, "Yaro, dubi inda ruwan bara ya tsaya." Alamar ta kai ƙuguna. Ka je a watan Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ka tambayi maƙwabta, ba dillali ba. Sannan takarda: ka ga mai filin ido da ido, in na gado ne ka tabbatar duk magada sun yarda, a rubuta da shaidu da sa hannun mai unguwa da hakimi, ka je ma'aikatar filaye ka bincika ko wurin yana cikin abin da gwamnati ta ware wa wani aiki. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, don haka takardar ciniki mataki ne na farko, neman takardar mallaka shi ne cikon. Da ka biya, ka kafa duwatsun iyaka, ka zuba ko tifa ɗaya ta yashi, a san wurin da mai shi.

Shi ginin, kada ka zana gidan da albashin shekara ashirin zai gama. A fitar maka da taswirar gidan gaba ɗaya, amma ka fara da katanga da ciki da falo da banɗaki, ka shiga. Ranar da ka tare, 450,000 da kake ba mai gida ta koma kuɗin bulo. Kuɗin gini kuma kada ya kwana a asusu, domin siminti da rodi da kwano ba sa jiran kowa. In ka samu, ka mayar da shi bulo ko rodi, amma kada ka tara siminti ya wuce 'yan makonni, yana daskarewa. Ka tsaya a kan mai buga bulon da kanka: buhu ɗaya bai kamata ya wuce bulo talatin da 'yan kai na inci tara ba, masu son riba kuwa suna ja har ya zama kana murza shi da yatsa yana zubewa.

Shekara nawa zai ɗauka? A kan 120,000 kaɗai, da iyali da haya, abin da zai rage maka bai taka kara ya karya ba, kuma ba zan yi maka alkawarin da lissafi bai ba ni ba. In ka ninka samunka cikin shekara biyu ko uku ta hanyoyin da na faɗa, ka riƙe rayuwarka a inda take, fili da ɗakunan farko abu ne da na ga mutane da dama sun yi. Rabo na Allah ne, kuma abin da na gani a kewayena ne nake faɗa maka.

Kafin ka ba kowa amsa, ga abin da za ka yi a makon nan. Ka kira kamfanin Abuja ka tambaye su: 280,000 ɗin kafin cire haraji da fansho ne ko bayan an cire? Ma'aikacinsu za ka zama ko na ɗan kwangila? Akwai inshorar lafiya da za ta haɗa da matarka? Waɗanne na'urori za ka riƙe, wa ke samanka, kuma sau nawa ake kiran mutum cikin dare? Ka ce a ba ka a rubuce. Shi kuma mai gidan Gesse, ka nemi ya karɓi kuɗin kashi biyu, wata shida-shida, da yawa suna yarda in sun san gidanku. Ka duba ko mitar wutar taka ce kai kaɗai ko ta haɗaka, ka tambayi ruwa, ka kunna wayarka a cikin ɗakin ka ga ƙarfin sabis, tunda a nan za ka riƙa karatun dare. Ka kuma karɓi rasit da sunanka, domin dokar harajin da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ba ɗan haya damar cire kashi 20 na hayarsa daga kuɗin da ake yi wa haraji. A taka hayar 90,000 ke nan, amma sai ka gabatar da shaidar biya.